Wane Zaman Lafiya? Salama, Sulhu da Shiru a Harsunan Duniya

Mai fassara labaran ƙasashen waje a gidan rediyon Hausa yana da wani aiki da masu sauraro ba sa gani. Takarda ta iso masa da Turanci, kalma ɗaya tak ke ta maimaituwa a cikinta, wato peace, amma shi ba shi da damar maimaita kalma ɗaya. In sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ne a Kongo, sai ya ce dakarun wanzar da zaman lafiya. In abokan gaba ne suka zauna a Doha ko Jidda, tattaunawar sulhu ce. Ɗalibai sun fito titi ba jifa ba ƙone-ƙone, zanga-zangar lumana ke nan. An ambaci Annabi, sai a ce tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Dattijo ya aurar da 'ya'yansa ya sauke bashinsa, ya samu kwanciyar hankali. Ba wadda za ta zauna a gurbin 'yar'uwarta. Babu Bahaushen da zai ce zanga-zangar aminci, ko dakarun kwanciyar hankali.

Kowace al'umma ta ɗanɗana yaƙi, kowace kuma ta yi marmarin ƙarshensa. Inda ba a yi ittifaƙi ba shi ne alamar da za a gani a ce to, yanzu fitina ta ƙare. Wasu sun ce sai an ƙulla alƙawari. Wasu sun ce sai an biya mai haƙƙi haƙƙinsa. Wasu kuwa da zarar hayaniya ta lafa shi ke nan. Amsoshin nan suna kwance a cikin kalmomin da mutane ke furtawa kullum ba tare da sun tsaya tunaninsu ba. Wani masanin siyasa ɗan Japan, Takeshi Ishida, ya rubuta maƙala a kan haka tun 1969, inda ya jera kalmar Yahudawa da ta Girkawa da ta Rumawa da ta Sinawa da ta Indiyawa, ya nuna cewa wasu sun karkata ga adalci, wasu ga doka da oda, wasu ga natsuwar zuciya. Ni abin da ya dame ni a batun ba sha'awar tonon asalin kalmomi ba ce kurum. Mutane biyu na iya sa hannu a takarda ɗaya, kowa ya koma gida da nasa zaman lafiyar a ransa, bayan shekara biyu kuma a ji kowa yana cewa ɗan'uwansa ya ci amana.

Mafi kusa da kunnenmu shi ne tushen nan mai baƙaƙe uku, sin da lam da mim. Daga gare shi Larabci ya samu salam, Ibrananci ya samu shalom, Aramiyanci, harshen da Annabi Isa ya yi magana da shi, ya samu shlama, mutanen Habasha suna cewa selam, har tsibirin Malta da ke tsakiyar Bahar Rum, inda yawancin mutane Kiristoci ne, suna da sliem. Ma'anarsa ta asali ba ta shafi yaƙi ba. Ta shafi cika da kuɓuta: abu ya kasance yadda yake, ba gutsire, ba ɓalli, ba aibi. Daga nan Musulunci da Musulmi suka fito, da Salim da Salamatu da Salmanu, da sallamar da muke yi a ƙofar gida. As-Salam ɗaya ne daga sunayen Allah, Aljanna kuma Darus Salam. Lokacin da Halifa Mansur ya gina Bagadaza a shekara ta 762, sunan da ya raɗa mata Madinatus Salam. Bayan ƙarni goma sha ɗaya Sarkin Zanzibar Majid ɗan Sa'id ya kafa Dar es Salaam a gaɓar Tanzaniya ta yau. Tushen ya tsufa ƙwarai. A wasiƙun da sarakunan Gabas ta Tsakiya suka riƙa aika wa Fir'aunan Masar fiye da shekara dubu uku da suka wuce, waɗanda aka tono a Amarna a rubuce kan allunan laka, kyautar da sarki ke haɗawa da gaisuwarsa ana kiran ta shulmanu, wato gaisuwa mai nauyi a hannu, irin wadda mu ma muka sani a fada.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan tushe yana cikin Ibrananci. Fi'ilin biyan kuɗi, leshalem, ɗan gida ɗaya ne da shalom. Wanda ya biya, ya cike giɓin da ya bari a hannun wani. Abin mamaki, Rumawa ma, da ba su haɗa dangantakar harshe da Yahudawa ba, sun bi ta wannan hanyar. Daga pax suka samu pacare, kwantar da wani, a ƙarshe ya koma kwantar da mai bin bashi. Daga nan Faransanci ya samu payer, Sifaniyanci pagar, Turanci pay. Mutanen da suka rayu da ramuwar gayya sun gane tun tuni cewa jinin da ba a biya ba baya barci. Shi ya sa shari'a ta ajiye diyya, shi ya sa dattawan Somaliya har yau suke lissafa ta da raƙuma.

Sai dai pax ɗin Rumawa tana da wata fuska. Asalinta ɗaurewa ne ko kafewa, kuma 'yar'uwarta ce pactum, yarjejeniya. Zaman lafiya a wurinsu abu ne da ake ƙullawa, kuma galibi wanda ya ci yaƙi shi ke faɗin sharuɗɗa. A zamanin Sarki Agustus aka gina wa pax bagadi na musamman a birnin Rum, aka buɗe shi shekara 9 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma shekaru wajen ɗari biyu da suka biyo bayan hawansa ana kiran su Pax Romana. Hanyoyi sun yi aminci, fatake sun yi safara daga Siriya har Sifaniya, wannan gaskiya ne. Amma a duk tsawon lokacin rundunonin Rum ba su daina yaƙi a kan iyaka ba, kuma a cikinsa ne suka rushe birnin Ƙudus a shekara ta 70. Marubucinsu Tasitus, wanda surukinsa ne ya jagoranci yaƙi a arewacin Birtaniya, ya sa a bakin wani shugaban mutanen yankin zargin da har yau ba a manta ba: cewa abin da Rumawa ke yi wa laƙabi da pax kufai ne da suka bari bayan sun gama kisa da kwasa.

Wannan ba labarin nesa ba ne a gare mu. Turawan mulkin mallaka, na Ingila da na Faransa, sun gaji kalmar, kuma sunan da suka riƙa bai wa cin ƙasashenmu a rahotanninsu shi ne pacification, kwantar da tarzoma. Ƙarƙashin wannan tunani ayarin sojojin Faransa na Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar Hausa ta Nijar a 1899, ya fafata da Sarauniya Mangu a Lugu, ya yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ake ba da labarinsa. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. A 1906 talakawan Satiru, ƙauyen da ke kusa da Sakkwato, suka yi bore suka kashe jami'an Turawa uku da wasu sojojinsu. Abin da ya biyo baya shi ne aka kashe mutane wajen dubu biyu, aka baje garin, aka hana kowa sake zama a wurin. Bayan haka ƙasa ta yi tsit, kuma a takarda an rubuta cewa an samu zaman lafiya. Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba: tsofaffi da yawa sun shaida cewa a shekarun da suka biyo baya harin kama bayi ya tsaya, mutane sun sauko daga duwatsu, an fita bayan ganuwa an yi noma ba tsoro. Duka biyun sun faru. Matsalar ita ce kalma ɗaya ta rufe su duka, ta yadda mai karanta rahoton ba zai ga Satiru a ciki ba.

Turanci ma ba da peace ya tashi ba. Tsohuwar kalmarsa frith ce, 'yar'uwar Frieden ta Jamusanci, daga tushe ɗaya da kalmominsu na aboki da na ɗan 'yanci: kariyar da dangi ke bai wa nasu. Sai da Normandawa suka ci Ingila a 1066 kafin kalmar Faransanci ta shigo ta ture ta gida. Ita ce yau take yawo a takardun Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ake juyawa zuwa sauran harsuna.

A Afirka lamarin ya sauko daga fada zuwa bakin ƙofa, ya zama gaisuwa. Bafulatani zai tambaye ka ko ka kwana da jam, ka amsa jam tan. Bawolofe a Dakar ya ce jàmm rekk. Bazabarme ya ce baani samay. Ba'abzine ya ce alkher ghas. A Bamako ana tambayar here. Duk ma'anar ɗaya ce da tamu: lafiya lau. Kuma a yawancin waɗannan harsuna ba a raba lafiyar jiki da lafiyar gari ba. Tamu kalmar ta taso daga al-afiya ta Larabci, ta zauna a Hausa har muka manta baƙuwa ce, muka raɗa wa gari suna da ita a Nasarawa, ta kuma gangara kudu: Bayarabe in ya ce alaafia, yana nufin ƙoshin lafiya da zaman lafiya a lokaci ɗaya. Mutanen Akan, maƙwabtan Hausawan zangon Kumasi, suna cewa asomdwoe, wato sanyin kunne, kunnen da ba ya jin mummunan labari. Zulu suna da ukuthula, daga thula, yin shiru.

Wasu al'ummomi biyu sun fi burge ni, domin sun ƙi barin kalmar ta tsaya ita kaɗai. Taken ƙasar Lesotho kalma uku ne, khotso, pula, nala: zaman lafiya, ruwan sama, wadata. Somaliyawa kuma addu'arsu ita ce nabad iyo caano, zaman lafiya da madara, kishiyarta kuwa col iyo abaar, yaƙi da fari. Makiyayi ya san abin da yake faɗa. In ana gaba ba a isa rijiya, in ba a isa rijiya ba raƙuma ba ta ba da nono, in babu nono samari sukan ɗauki makami. A 1993, lokacin da Mogadishu ke ci da wuta duk da dubban sojojin ƙasashen waje, dattawan arewacin ƙasar sun zauna a garin Borama na tsawon watanni suna warware bashin jini da rikicin makiyaya tsakanin dangogi kafin su naɗa shugaba. Yankin nan, Somaliland, ya fi kudancin ƙasar natsuwa nesa ba kusa ba tun daga lokacin.

Hausa kuwa ba ta yarda ta faɗi abin da kalma ɗaya ba, sai da ta kawo zama ta ajiye kusa da lafiya. Zama aiki ne, kuma ba a yin sa da mutum ɗaya. Mun ce zo mu zauna zo mu saɓa, mun kuma ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Wato mun san akwai saɓani a cikin zaman, abin nema shi ne a tashi daga gare shi ba rauni. Rashanci yana da wani abu mai kama da wannan. Kalmarsu mir tana nufin zaman lafiya, tana nufin duniya, tana kuma nufin taron magidantan ƙauye da ke raba gonaki a zamanin sarakunansu. A da ana bambanta ma'anonin a rubutu da harafi ɗaya, gyaran rubutu na 1918 ya share bambancin. A Polanci kuma pokój zaman lafiya ne, ɗaki ne.

Nan ya kamata a ja birki, domin akwai ruɗin da ke kama mai son irin wannan bincike. Kyakkyawar kalma ba ta mai da masu ita mutanen kirki. Sinanci yana rubuta zaman lafiya da alamomi biyu, he da ping, jituwa da daidaito, irin daidaiton fili marar tudu. Japanawa suka juya su suka ce heiwa, Koriyawa pyeonghwa. Da wuya a samu ma'ana mai taushi kamar wannan. Amma boren da Hong Xiuquan ya jagoranta daga 1850 zuwa 1864 sunansa Taiping, babban zaman lafiya, kuma ana ƙiyasta ya ci rayuka aƙalla miliyan 20. Zamanin Sarki Hirohito na Japan, wanda a cikinsa aka yi kisan Nanjing aka kuma jefa bam a Hiroshima, sunansa Showa, da wannan alamar ta jituwa a ciki. A shekarun mulkin Hu Jintao gwamnatin Sin ta ɗauki al'umma mai jituwa a matsayin take, har masu amfani da intanet a can suka riƙa cewa an jituntar da rubutunsu idan hukuma ta goge shi. Indiya tana da shanti, natsuwar ciki da ake maimaitawa sau uku a ƙarshen addu'a, tana da ahimsa ta Gandhi, rashin cutar da mai rai, duk da haka rabuwarta da Pakistan a 1947 ta laƙume ɗaruruwan dubban mutane. Mu ma ba mu tsira ba. Kirarin jihar Borno a lambar mota shi ne gidan zaman lafiya, na Filato kuma gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido. Mutanen da suka zaɓi waɗannan kirari ba ƙarya suka yi ba, abin da suka sani ke nan a garuruwansu kafin rikici ya ɓarke a Filato a 2001, a Borno a 2009. Kalma tana nuna abin da mutane ke buri, ba ta tsare musu shi.

Inda bambancin kalmomi ke zama batun rai da mutuwa shi ne teburin sasantawa, kuma Larabci ya fi kowa rarrabe matakan. Akwai hudna, ajiye makami na wani wa'adi. Akwai aman, lamunin da ake bai wa mutum cewa ba za a taɓa shi ba, daga tushen da ya ba mu amana da aminci da Aminu, ya kuma bai wa Swahili amani. Akwai sulh, daga wani tushe dabam mai ma'anar gyara abin da ya ɓaci. Yarjejeniyar Hudaibiyya ta shekara ta shida bayan hijira wa'adin shekara goma aka yanka mata, sharuɗɗanta sun yi wa sahabbai nauyi har Sayyidina Umar ya kasa yin shiru, amma tarihi ya riƙe ta da sunan sulhu, domin ta buɗe hanya mutane suka cuɗanya suka saurari juna. Kwatanta wannan da yarjejeniyar Masar da Isra'ila ta 1979. Sunanta a Larabci yarjejeniyar salam ce, kuma ta cika alƙawarinta na farko: ƙasashen biyu ba su sake gwabzawa ba, Masar ta karɓi Sina'i. Amma Anwar Sadat ya biya da ransa a 1981, kuma fiye da shekara arba'in bayan haka jama'ar ƙasashen biyu ba su zama abokai ba, saboda batun Falasɗinawa yana nan inda aka bar shi. Larabawa da dama sukan ce an yi salam, ba a yi sulh ba. Johan Galtung, masanin nan ɗan Norway da ya rasu a 2024, ya shahara da raba zaman lafiya gida biyu, wanda yake rashin harbi ne kawai da wanda aka cire zalunci daga tushensa. A jami'o'i ana karantar da wannan a matsayin babban ci gaba, alhali duk wata tsohuwa da ta taɓa raba rigimar kishiyoyi ta san bambancin sun yi shiru da sun shirya.

Yanzu a kawo maganar gida. A 2019 gwamnatocin Zamfara da Katsina sun shiga abin da kowa ya kira sulhu da 'yan bindiga. An ga hotunan zama, an saki fursunoni, an miƙa wasu bindigogi, hare-hare sun ragu na ɗan lokaci, daga baya gwamnatocin da kansu suka ce an saɓa alƙawari suka janye. Har yau akwai ƙauyukan da ke yin nasu sulhun: a haɗa kuɗi gida-gida a kai daji kafin a yi shuka, a sake haɗawa kafin a yi girbi, wani lokaci har samari su je su nome gonar wanda ya kashe iyayensu. Ba na zargin manomin da ya yi haka, ba shi da soja ba shi da mafita, kuma iyalinsa za su ci abinci. Abin da ba na yarda da shi shi ne a kira wannan sulhu. Sulhu gyara ne, kuma a nan ba abin da aka gyara. Ba a biya diyyar kowa ba, ba na manomin da aka harbe a gona ba, ba na makiyayin da 'yan sa-kai suka yanka a kasuwa ba, ba a mayar da shanu ba, ba a buɗe burtali ba. Rauni ne aka ɗaure da mugunya a ciki. Sunansa na gaskiya haraji, ko in an sassauta, hudnar da mai bindiga kaɗai ke da ikon warwarewa. Nijar ta ga makamancin wannan a matakin ƙasa: an sa hannu da 'yan tawayen Abzinawa ranar 24 ga Afrilun 1995, aka ƙona makamai a Agadas a shekara ta 2000, amma a 2007 wasu suka koma duwatsun Ayar suna cewa alƙawuran rabon arzikin yuraniyom da na aiki ba a cika su ba.

Akwai kuma abin da ba ya biyuwa, kuma a nan ma'anar cika da kuɓuta take gazawa. A rikicin da ya ɓarke a Kaduna a 1992 bayan na Zangon Kataf, Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Kowannensu jagoran matasa ne a ɓangarensa, kowanne yana da dalilin neman ɗan'uwansa da sharri. Babu diyyar da za ta mayar da hannu. Larabci ya ajiye wata dangantaka da ta dace da wannan wuri: afiya, wadda ta ba mu lafiya, tushenta ɗaya da afuwa, kuma Musulmi kan roƙi Allah su biyun a haɗe. Mutanen nan biyu sun haɗu a 1995, ba kuma nan take zukata suka sauko ba. Wuye ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ya yi shekaru suna aiki tare yana jin ƙiyayyar a ransa. Cibiyar sasanta mabiya addinai da suka kafa a Kaduna ta taka rawa a sanarwar zaman lafiya da malaman addinan biyu suka sa wa hannu a 2002, ta shiga tsakanin mutanen Yelwa da Shendam bayan kashe-kashen 2004, aka kuma gayyace su Kenya bayan rikicin zaɓen 2007 domin su zauna da Kikuyu da Kalenjin a garin Burnt Forest.